Tulunan Birnin Ƙirgau

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa bai gaya wa kowa iyakarta ba, ya halicci ƙafa ya sa mata ƙaiƙayin tafiya. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Dela, mai tufka, mutumin Kwarin Kaba. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban taɓa riƙe takobi ba, igiya kawai na iya. Amma igiyar nan ta kai ni inda masu takobi ba su je ba. Wanda ya yarda da labarina na gode, wanda bai yarda ba ya dai zauna, tabarma ba ta korar kowa.

Ina da wa guda ɗaya, sunansa Nomau. Wata rana Innarmu ta ɗanɗana miya ta yamutsa fuska, ta ce gishirin kasuwarmu rabinsa ƙasa ne. Nomau kuwa ba a yin magana sau biyu a gabansa. Ya ce ya ji fatake na zancen wani Farin Fili can yamma, inda ƙasa kanta gishiri ce, zai je ya saro mata. Ya ɗauki gora da sanda ya fita. Shekara bakwai ba mu ji ɗuriyarsa ba.

A shekara ta bakwai liman ya zo har gida. Ya ce, "Dela, ki fid da rai a yi wa yaron nan sadaka. Wanda ya shiga Farin Fili ba ya fitowa. Ba ya yiwuwa."

Idon Inna ya fara dushewa, amma bakinta na nan da kaifinsa. Ta ce, "Malam, ka je ka gano ne?"

Ya ce bai je ba.

"To a yi mini haƙuri zuwa kaka. In an kai dawa rumbu ban ji sallamarsa ba, ku shimfiɗa tabarmi." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma kana zaune kana murzar cinya. Tashi ka nemo mini ɗan'uwanka."

Na tashi. Na yi kwana arba'in ina tafiya, na wuce dutsen da ke tari in an taka shi, na wuce kogin da ke hutawa ranar Juma'a, har na faɗa Ƙasar Ƙila. Mutanen wannan ƙasa ba su san i ba, ba su san a'a ba. Na tambayi wani hanyar Farin Fili, ya ce ƙila gaba, ƙila baya. Na iske wani manomi, Mati, yana shuka soyayyar gyaɗa. Na ce, "Baba, ta taɓa tsirowa?" Ya ce, "Shekara goma sha tara dai ba ta tsiro ba tukuna." Maƙwabcinsa kuwa na durƙushe ƙarƙashin bijimi da ƙwarya, yana jiran nono. Mutane ne masu fara'a ƙwarai, sai dai duk ramammu ne.

Da sarkinsu ya ji ni mai tufka ne, sai ya sa aka rufe ni a ɗaki da murhu da ɗanyen itace. Ya ce in tufka masa igiyar hayaƙi, yana so ya ɗaure hadari a turke kada ya riƙa wucewa garin wasu. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ya yiwuwa." Fada ta yi tsit, ashe a garinsu wannan ashar ce. Ya ce ba zan fita ba sai na gama, ya ajiye dogarai biyu a ƙofa.

Kwana uku ina shan hayaƙi ina hawaye. A rana ta huɗu da hantsi na naɗe kayana na buɗe ƙofa na fito. Dogarai suka tare ni, suka ce ina zuwa.

Na ce, "Wa ya ce muku ni ne? Ƙila Tunau na ciki yana tufka, ni wani ne mai kama da shi."

Suka dubi juna. Babban ya ce, "Ƙila kuwa." Ƙaramin ya leƙa ɗaki bai ga kowa ba, ya ce, "Ƙila yana cikin hayaƙin." Suka koma suka tsaya a bakin ƙofa, ni kuma na ba ƙafa aikinta.

Bayan kwana tara na tsaya a bakin Farin Fili. Fari fat, iyakar ganin ido, rana ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na jefa dutse, ya fasa ɓawon gishirin ya nutse cikin baƙar laka, ko kumfa bai bari ba. Na zauna na yi tagumi. Can sai ga wata tsuntsuwa mai faffaɗan sawu tana tafiyarta a kai, ko a jikinta. Na dubi ƙafarta, na dubi tawa. Na yanko kaba na saƙa manyan faya-fayai biyu, na ɗaure su a tafin ƙafata, na taka a hankali. Ɓawon ya yi ƙara amma bai fashe ba. Haka na shiga, ina tafiya a tattale, in da mutanen garinmu sun gan ni da sun yi shekara suna dariya.

A rana ta uku, kusa da wasu ginshiƙan gishiri masu gurnani in iska ta bi ta cikinsu, na tsinci wani tsohon faifai. Na kankare shi da farce. Ƙulli uku a baki, irin wanda mahaifinmu ya koya mana, ba wanda ke yin sa sai 'yan gidanmu. Ashe Nomau ma da faifai ya bi ta nan. Na zauna a wurin na yi kuka don murna. Hawaye a can ba ya ƙara komai, gishiri ne a kan gishiri.

A rana ta bakwai na taka ƙasa mai tauri, ga ganuwa, ga ƙofa a buɗe. Wannan shi ne Birnin Ƙirgau. Na yi wa sarkin ƙofa sallama, ya ɗaga kai yana kallon sama. Na sake, ya shiga gyara takalminsa. Na wuce kasuwa, duk wanda na gaisar sai ya tuna da wani abu a bayansa. Don gwaji na ɗauki waina ɗaya daga tanda. Mai wainar ta dubi gurbin ta ce, "Bana shaho ya yi yawa." Na ci bakwai. Ba zan ɓoye muku ba, ranar farko na ji daɗin zama ba kowa ba. Amma na lura da abu ɗaya: ba wanda ya taɓa bangaje ni. Duk kauce mini suke yi, kuma makaho ba ya kaucewa haka daidai.

A gindin wata tsamiya, gaban wani dogon zaure, na ga mutum zaune, gemu har ƙirji, yana yi wa duk mai wucewa sallama ba a amsawa. Muryar na fara ganewa. Na ce, "Yaya."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Tunau? Inna lillahi. Kai ma? Gishirin ne, ko? Allah ya jiƙanmu."

Na ce, "Yaya, da raina, kai ma da ranka."

Ya yi murmushin tausayi ya ce haka shi ma ya yi ta faɗa a shekararsa ta farko. Sannan ya kama hannuna ya kai ni cikin zauren, ba mai hana mu. Tuluna ne jere, daga ƙasa har rufi, kowanne da rubutu a wuyansa. Ya ce a garin nan kowane al'amari na da tulunsa: saukar ruwa a wata kaza, haihuwar tagwaye, warkewar karaya, ɗorewar auren masu gajen haƙuri. In abin ya faru a jefa farar tsakuwa, in an sa rai bai faru ba a jefa baƙa. Mai son shuka ko aure ko tafiya sai ya zo a juye masa tulu a ƙirga, ya san inda ya fi rinjaye. Na ce wannan dabara ce mai kyau, don na ga rumbunansu cike, kuma ba wanda ke tatsar bijimi.

Sai ya nuna mini jerin ƙarshe. Waɗannan an liƙe bakinsu da yumɓu, an buga hatimi. Ya ce in Sarkin Tulu ya yanke cewa abu ba ya yiwuwa, sai a liƙe tulunsa. Abin da aka liƙe ba ya faruwa. Wanda ya ce ya gan shi ya faru, mahaukaci ne, a aske masa rabin kai a zaga gari da shi. Don haka tun suna goye ake koya musu kau da ido. Ya ɗora hannu a kan wani tsohon tulu, an rubuta masa: ƙetare Farin Fili.

Ya ce, "Mutanen nan ba sa ƙarya, ƙirga suke yi. In sun ce ba a ƙetarewa, to ban ƙetare ba. In ban ƙetare ba, ina can ƙarƙashin gishiri."

"Matacce na jin yunwa?"

"Wa ya dawo ya ce ba ya ji?"

"Inna na jiranka. In aka kai dawa rumbu za a yi sadakarka."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Gara a yi. In je in tsorata tsohuwa? Shekara bakwai nake sallama, Tunau, ko sau ɗaya ba a amsa ba."

Na ce ai ga ni na amsa. Ya ce ni ba na cikin lissafi, tunda jirgi ɗaya ya kwaso mu. Amma ranar da mai rai ya amsa masa sallama, ranar zai bi ni. Na san taurin kan gidanmu, na ƙyale shi. Zuciyata dai ta yi nauyi, don a gonakin bayan ganuwa dawa ta fara fid da kai.

Abu ɗaya ya hana ni yanke ƙauna. Kullum da azahar, matar Sarkin Tulu, wata dattijuwa mai suna Sarai, takan ajiye ƙwaryar fura a bayan gidansu, ta ce da ƙarfi, "Ga na kyanwa." A kan ƙwaryar akwai ludayi. Na ce wa Nomau ban taɓa ganin kyanwa da ludayi ba, ya ce kyanwoyin garin ne ban sani ba. Kwana biyu da zuwana ludayin ya zama biyu.

Na yi shawara in fara daga sama. Sarkin Tulu Barmo gajere ne, rawaninsa ya kusa kai tsawonsa, kuma duk garin ba wanda ya kai shi iya kau da ido. Kowace safiya yakan bi ta gaban tsamiya zuwa zaure. Na ce zan tsaya a hagu Nomau na dama, hanya ta matse, dole ya bangaji ɗayanmu, in ya bangaja kuwa ko tsaki ne ai zai yi. Na manta da tsohuwar rijiyar da ke gefen hanya, wadda bakinta ya cinye har ya yi daidai da ƙasa.

Ya taho. Nomau ya yi sallama, na yi sallama. Bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba, ya ɗaga kai sama, ya yi wata kyakkyawar kaucewa wadda ta nuna gwaninta, sai cikin rijiya. Rawanin ne ya fi daɗewa a waje.

Rijiyar gaba arba'in ce, Allah ya sa ƙasanta laka. Jama'a suka taru, wani ya ruga zaure ya dawo ya ce tulun fita daga rijiyar a liƙe yake. Nan take aka ɗauki salati, aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Daga ƙasa murya ta taso, "Jama'a, da raina." Mataimakinsa, Madakin Tulu, ya share ido ya ce, "Allah sarki, rijiya mai amana, har muryar marigayi ta riƙe mana." Kafin hantsi ya ɗaga har ya aro rawani.

Ni na jawo wannan, don haka na ruga kasuwa na kwaso rama runguma biyar, mai ramar na cewa bana guguwa ta yi yawa. Na ce, "Yaya, riƙe mini bakin igiya." Ya ce matacce ba a rubuta masa lada, amma ya riƙe. Daga hantsi har la'asar ina murzawa yana ja, tufka uku, sai da fatar cinyata ta saɓule. Muka ɗaure a tsamiya muka zura.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kama igiya."

Can ya ce, "Ba da kowa nake ba, da bangon rijiya nake. Babu igiya a nan."

"To me ke taɓa maka hanci?"

"Ya kai bango, igiya sai da mai riƙe ta, mai riƙe ta kuwa bai ƙetare ba. Tulunsa ba farar tsakuwa ko ɗaya."

Na ce, "Bango na tambaya: ta ina farar za ta shiga, bayan an liƙe bakin?"

Muka ji kwaɗo na kuka, muka ji Barmo yana atishawa. Sai igiya ta yi nauyi. Ya ce, "A shaida, ni ban kama ba. Hannuna ne ya kama."

Muka ja shi har waje, laka tun daga kai har ƙafa. Nomau ya yi masa sallama. Bai amsa ba, al'adar shekara sittin ba ta fita a wuni ɗaya. Ya nufi tabarmin makokinsa ya ce, "Salamu alaikum, ku tashi, ga ni." Mutum ɗari suka ɗaga kai sama a lokaci ɗaya. Ya kira Madaki da sunan yanka, Madaki ya shiga gyara aron rawaninsa. Ya kira ɗan cikinsa, ɗan ya dubi ƙasa yana hawaye. Sarkin Tulu ya tsaya tsakiyar mutanensa, laka na bushewa a jikinsa, sannan ya ja ƙafa ya zo gindin tsamiya ya zauna kusa da Nomau. Na ji haushinsa, amma wallahi na ji tausayinsa.

Sai ga Sarai ta fito daga gida, an riga an yafa mata mayafin takaba, taɓarya a hannunta. Ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya nake zuba wa mutumin nan tuwo. Na san tarinsa, na san takunsa. Yau tulun da aka gina da ƙasar bayan gidanmu ne zai ce in shiga takaba? Ku zo ku aske rabin kan, dama furfura ce."

Ta shiga zaure, gari duka na biye. Ta ɗaga taɓarya ta sauke a kan tulun rijiya. Kowa na jiran tsakuwa ta malalo. Guda ɗaya ta gangaro, baƙa, ta tsaya a ƙafar Madaki.

Barmo ya ce a hankali, "Ta akuya ce. A zamanin kakan kakana ta faɗa rijiyar."

Ta matsa ga tulun Farin Fili ta sauke masa. Tsakuwa uku. A nan ba wanda ya yi dariya. Barmo ya durƙusa ya tsince su, ya ce Sarkin Tulu na farko yana da 'ya'ya uku, suka shiga filin ɗaya bayan ɗaya ba su dawo ba. Ranar da ya jefa ta uku ya kwaɓa yumɓu da hannunsa, don kada ɗan wani ya sake zuwa. Ya ce, "Daga baya aka manta dalilin, aka riƙe yumɓun."

Taɓarya ta ji daɗin aiki, ta fasa na kusa, ba komai a ciki. Ta fasa wani, shi ma wayam. Na tsinci wuyan ɗaya, an rubuta: rabin waina ya fi wainar duka. Ɗayan kuma: mutum ya girmi uwar da ta haife shi. Barmo ya riƙe hannun matarsa ya ce, "Bar waɗannan, Sarai. Ba a taɓa jefa musu ko baƙa ba, don ba wanda ya san ta inda zai fara gwadawa. Yumɓun da aka sa musu ma asara ce. Ki bar bakinsu a buɗe har tashin duniya, ba abin da zai shiga."

Duk wannan Nomau na tsaye a bakin zaure, bai shigo ba. Da Sarai ta zo fita, bakinsa ya yi abin da ya saba, can ƙasa-ƙasa. "Salamu alaikum."

Ta tsaya ta dube shi ido cikin ido. Ta ce, "Wa alaikumus salam, ɗana. Shekara bakwai kana shanye mini fura, ko sau ɗaya ba ka wanke ludayi ba."

Wana ya zauna daɓas a ƙasa ya yi kuka irin na yara, ni ma ban tsaya jin kunya ba. Daga nan ya tashi ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya yana sallama, suna amsawa suna shafa kawunansu, har sarkin ƙofa sai da muka koma ya biya tasa. Kafin mu tafi aka ajiye sabon tulu, bakinsa a buɗe, Barmo ya ba mu farar tsakuwa ɗai-ɗai muka jefa.

Muka saƙa faya-fayai huɗu, Nomau ya sari curin gishiri ya ɗaura a baya. Muka kewaye Ƙasar Ƙila ta bayan gona, na hangi Mati na tonon rami yana duba gyaɗarsa. Ba mu huta ba sai Kwarin Kaba. Mun iske an kai dawa rumbu, an jingine tabarmi a ƙofar gidanmu, liman na zaune yana jiran mutane su cika. Da ya gan mu ya miƙe zumbur yana salati.

Wannan shi ne abin da ƙafata ta taka, idona ya gani, Allah ne masanin abin da ya rage. Saura kaɗan in rufe baki.

Inna na tsakar gida tana tsince wake da laluben hannu. Nomau ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya.

Ta ce, "Wa alaikumus salam. Ina gishirin?"

Ya durƙusa ya ɗora mata curin a cinya. Ta gutsura ta ɗanɗana ta ce wannan dai ba ƙasa a ciki. Da ɗayan hannun kuwa ta riga ta kama wuyan hannunsa, kuma ba ta sake shi ba har tuwon sadakarsa ya huce.